Ninki Huɗun Masta Mutawakilu

Shekara biyu cur Zakiya Imoro ta yi a ɗakinta na Yendi tana koya wa waya sauraron doya. Ku riƙe dariyarku tukuna, wurinta yana gaba. Dabarar ita ce ka ɗora waya a jikin doya, ka ƙwanƙwasa da yatsa, wayar ta ji amon ta faɗa maka ko cikin lafiya lau yake ko ya fara ruɓewa. A kwamfutarta abin yana aiki kafin ka ƙifta ido. Sai dai matan kasuwa ba kwamfuta suke ƙullewa a bakin zane ba. Ƙaramar wayar nan mai madannai suke riƙewa, wadda duk Gana ke kira yam, wato doya. To ita doyar hannu, in aka ce ta saurari doyar gona, sai ta yi tsit har daƙiƙa goma sha ɗaya kamar an yi mata tambayar kabari.

Hajiya Amamatu, magajiyar masu doya a kasuwar Salaga, ta kalli wannan shirun sau ɗaya ta ce ya ishe ta. Hajiya 'yar ƙabilar Gonja ce, Hausarta ba ruwanta da mace da namiji, kowa "kai" ne.

"Yarinya, ni in na buga doya, na juya shi, kafin na tofar da goro na san cikinshi. Kasuwa mai zuwa ka kawo abinka. In ya riga ni, mata ɗari biyu na bayana. In bai riga ni ba, kar ka ƙara zuwa ka tsare min gaban kaya."

Zakiya ta ƙirga a zuci: bugu, juyi da tofin goron Hajiya daƙiƙa biyar ne. Kwana shida ke gare ta, ko aikin shekara biyu ya zama labari.

Ta san inda nauyin yake. Kafin waya ta rarrabe amo, sai ta yi ƙananan lissafi dubbai, kowanne da ninki huɗu a cikinsa. Tarawa ba ta damun ƙaramar waya, amma ninkawa hawan dutse ce a wurinta. Wannan sashe na kod ɗin, wato rubutaccen umarnin da wayar ke bi, ya daɗe yana ci wa Zakiya tuwo a ƙwarya, shi ya sa tun bara ta raɗa masa sunan mutumin da ya fi kowa nauyin jiki a rayuwarta: Masta Mutawakilu, malaminsu na lissafi a sakandaren Salaga. Mutumin da in ka kawo amsa daidai ba tare da matakai ba zai zana maka ƙwai da jan biro, ya rubuta "Ina aikin?" a ƙasa. Zakiya ta sha ƙwai a hannunsa har ta ƙoshi. A saman sashen ta rubuta da Hausa: "Nan ne Masta Mutawakilu. Ninki huɗu yake yi inda mai hankali zai yi ɗaya. In ya fara, je ka ci wake da shinkafa ka dawo."

Ran Litinin, da dabara ta ƙare mata, ta ɗora kod ɗin gaba ɗaya a shafin da masu wannan sana'a ke baje aikinsu kyauta, ta roƙi duk mai iya rage ninkin ya taimaka. A ranta Turawa da Indiyawa ne za su gani, kuma wane ne a cikinsu ke jin Hausa?

Ran Talata wayarta ta yi ƙara. Sidiku ne, abokin karatunta, wanda yanzu yake gyaran waya a Bawku. Shi ma Hausarsa irin ta Hajiya ce. Dariya ta hana shi sallama.

"Kai, Zakiya, ka kashe mu! Na karanta ma mutane a wurin mai shayi, kowa ya faɗi ƙasa."

"Ka karanta me?"

"Na Masta mana. Ai shi ma yana zaune. Tun da ya yi ritaya nan Bawku yake, wajen ɗanshi. Ba ka sani ba?"

Zakiya ta tambaya me Masta ya yi. Sidiku ya ce ba wani abu. Ya dai shanye shayinsa, ya sa an buga masa sashen a takarda, ya nemi a bayyana masa abin da kowane layi ke nufi, ya naɗe ya tafi gida.

Ran Laraba hoto ya shigo wayarta daga Sidiku. Shafin littafin makaranta ne, da jan biron nan da ko a mafarki ta gan shi za ta gane. An nuna rabin hanyar da ninki huɗu zai koma uku, sai rubutun ya tsaya cak a tsakiyar lissafi. A ƙasa an rubuta: "Sauran a zo a karɓa."

Ta zagi Sidiku, ta zagi intanet, ta zagi hannunta da ya yi rubutun. Ta zauna ta gwada ƙarasa lissafin da kanta, ya ƙi. Turawa da Indiyawan da ta dogara da su kuwa, mutum ɗaya ne ya leƙo, shi ma tambaya ya yi mece ce doya. Da asubar Alhamis ta hau motar Bawku ta hanyar Gushegu, hanya tana jijjiga ta, tana haddace ban haƙuri kala-kala.

Ta same shi a ƙarƙashin darbejiya a ƙofar gida, ya rame, tabarau ɗaure da zare. Ta durƙusa.

"Masta, ina wuni. Na zo ne in..."

"Kin zo da biro?"

Gaisuwar ke nan. Ya miƙa mata littafi ya ce ta rubuta lissafin tun daga farko, mataki-mataki, kada ta tsallake ko ɗaya. Mace mai digiri, ga ta a kan benci tana rubuta abin da ta raina tun tana 'yar shekara sha biyar, akuyar gidan tana leƙa mata takarda. A shafi na uku hannunta ya tsaya.

"Me kika gani?" in ji Masta.

"Nan... ina ninkawa da ɗaya."

"Sau nawa?"

"Ɗaruruwa."

"Abu sau ɗaya nawa ne, Zakiya?"

Ta ci gaba da rubutu. A shafi na biyar ta tarar rabin lambobin da take ba wayar sifili ne tun daga tushe, wayar baiwar Allah tana ta ninka babu da babu tana gumi. A na shida ya karɓi biron ya ƙarasa mata dabarar: ka tara biyu tukuna, ka ninka sau uku, ka ɗebe, amsa ɗaya ce da ta ninki huɗu.

"Ba ki taɓa kallon matakan ba, shi ya sa ba ki san na banza a cikinsu ba," ya ce, yana rufe biro. "Tashi, mota za ta bar ki."

Maganar wake da shinkafa bai ɗaga ta ba ko da wasa. Da ya zage ta da ta fi samun sauƙi. Haka ta koma Yendi da ban haƙurinta a baki, ba ta sauke ko ɗaya ba, kunya tana cin ta har ƙashi. Tana isa ta zauna ta gyara kod ɗin.

Ran kasuwa a Salaga mata suka yi da'ira. Hajiya Amamatu ta zaɓo doya laribako ƙatuwa mai kyan fata, irin wadda ke yaudarar baƙo. Zakiya ta ɗora waya, Hajiya ta buga, ta juya doyar, ta tattaro goro a baki. Kafin ta tofar wayar ta yi ƙara, rubutu ya fito: ta ruɓe. Hajiya ta tsaya da goro a kumatu. Aka kawo wuƙa aka fasa, ciki baƙi ƙirin. Aka gwada goma, wayar ta riga ta a tara, ta goman ma Hajiya ta haɗiye goron ne don sauri.

"To," in ji Hajiya tana tari, "sa min shi a nawa. Amma kar ka faɗa ma masu doyar garin Kpandai."

Zakiya ta koma bayan wata rumfa ta kira Bawku.

"Masta, daƙiƙa huɗu! Ya yi!"

"Da kin yi aikinki da kyau da uku ne."

"Masta, abin da na rubuta... ku yafe mini. Yau ɗin nan zan cire sunanku, in goge komai."

Ta danne wayar a kunne. Tana jin akuyar nan tana kuka daga nesa.

"Shekara talatin da huɗu na yi ina koyarwa," in ji Masta a hankali. "Ko a ƙofar bayin makaranta ba a rubuta sunana ba. Lokacin da wurin nan yake da nauyi, kin sa sunana duniya ta gani. Yanzu da ya yi sauri ne za ki cire?"

Zakiya ta jingina da rumfar. Idonta ya cika, ta goge da bakin gyale.

"Ki bar shi yadda yake, har waken da shinkafar," ya ce. "Abu ɗaya za ki gyara. Kin rubuta huɗu. Uku nake yi."