Jan Zaren Shabnam

Namiji aka haife ta, amma duk layinsu a Lahore Shabnam ake kiranta. Maza su biya su shiga ɗakinta su fice. Tanwir tela kaɗai ke tsayawa shan shayi, ranar Alhamis ya raka ta zikiri a kabarin waliyyi.

Can ta ƙulla jan zare a tagar ɗakin kabarin, ta roƙa wa Tanwir abin da ransa ke so. Ba a kwance zaren sai buƙata ta biya.

Ranar da ta zo kwancewa, tsoho mai shara ya washe baki. "'Yata, an amsa ke nan?"

"An amsa, Baba," ta ce, tana cizon ƙullin da haƙori. "Jiya aka kai masa amarya."