Ranar da Uwa Takurani Ta Je Ofishin Filaye

Takardar da sunan Uwa Takurani ta zo, ba da sunan Nilamani mai yi mata hidima ba. Mai kawo wasiƙa ya miƙa masa ita a ƙofar ɗakin bauta yana danne dariya. An ce mai tafkin da ke bayan ɗakin ta bayyana da kanta a ofishin filaye ranar Talata, ta tabbatar tana raye. In ba ta zo ba, gwamnati za ta cike tafkin ta yi tashar mota.

Uwa Takurani, abar bautar ɗakin, baƙin dutse ce mai idanun azurfa, tsayinta bai wuce kamu ɗaya ba. Shekara arba'in da ɗaya ke nan Nilamani yana yi mata wanka da ruwan tafkin nan, kamar yadda ubansa ya yi, don ba ta wanka da wani ruwa. Wani sarki ne can da ya rubuta tafkin da sunanta. Na'urar ofis kuwa da ta ga suna sai ta ɗauka wata tsohuwa ce.

Sau biyu ya je ya yi bayani, sau biyu aka ce sai mai abu ta zo.

"To ka kai ta mana," in ji matarsa Sabitiri tana tsince shinkafa. "Ita ma ta ɗanɗana layin da muke bi."

Ranar Talata maza huɗu suka ɗauko ta a kafaɗa bisa kujerarta ta katako, da ganga da furanni, har gaban teburin Sahu, babban jami'in ofis. Sahu ya yi wuf ya tuɓe takalmi, ya sa goshi a ƙasa a gabanta. Da ya ɗago ya koma kujerarsa, ya juyo da wata 'yar na'ura mai jan haske.

"Baba, sai ta danna yatsa."

"Wane yatsa, ɗana? Kai ma duba ka gani."

"Na sani, Baba. Amma in ba yatsa, abin nan ba ya wucewa gaba."

Wani cikin masu ɗauka ya ce, "A gwada hancinta, yallaɓai!" Aka kwashe da dariya, ban da Nilamani.

"Wa ya ce a cike tafkin?" in ji Nilamani.

"Daga sama aka turo."

"Ya sunansa? In je in same shi."

"Ba mutum ba ne, Baba. Tsari ne."

Nilamani ya ɗaga kai yana kallon fanka tana juyi. Kakansa ya sha faɗa masa cewa sarkin da ya ƙwace filin abar bauta yakan dawo duniya a ƙadangare, ya yi ta yawo a bangon da ya ci. Sarakunan ba waliyyai ba ne, amma sun san aikin nasu ne, zai kuma bi su. Yanzu an yanka aikin gunduwa-gunduwa, an raba wa tebura arba'in, kowa ya ɗauki ɗan abin da ba zai hana shi cin abinci ba.

"Ɗana, tsari ba ya mutuwa, ba a kuma sake haihuwarsa. Kai za a sake haifa. In an zo rabon alhakin tafkin nan, hannun da aka gani shi za a nema."

Sahu ya share zufa. Ya ce, murya ƙasa-ƙasa, akwai hanya ɗaya: jami'i ya rubuta da hannunsa cewa ya ga mai fili da rai. In na sama suka ce ƙarya ce, aikinsa ya tafi, ga shi saura shekara biyu ya yi ritaya.

"Ban ce ka yi ƙarya ba," in ji Nilamani. "Abin da ka gani za ka rubuta. In dutse ka gani, rubuta dutse, mu ɗauke ta mu tafi."

Ganga ta yi shiru. Sahu ya daɗe yana kallon idanun azurfar nan. Ya buɗe biro, ya rufe, ya sake buɗewa. Sannan ya jawo farar takarda ya rubuta a hankali, yana furtawa: "Ni, Dibakar Sahu, na ga mai tafkin da idona. Tana raye."

Ya buga hatimi.

"In suka kore ni, Baba, a ɗakin bautarku zan riƙa cin abincin rana."

"Shinkafa ce da wake kullum," in ji Nilamani. "Gishiri ma Sabitiri ba ta cika sawa ba."