Tafin Hannun Baba Moro

Tun da sanyi ya kankama Nimatu ta kasa samun sukuni, kuma yatsun mahaifinta ne suka hana ta. Baba Moro ɗan saƙo ne a kan babur. Yana ɗauko haƙoran roba daga inda ake haɗa su a Bronx, ya bi likitocin haƙori yana rarraba musu har cikin Harlem. Wata rana ya dawo gida ya zare safar hannu, sai ta ga kan yatsunsa sun yi fari fat kamar an tsoma su a garin rogo. Ta tambaye shi yaya hannun, ya ce da sauƙi.

Ba amsar da ta fi wannan ƙona mata rai. A gidansu, da masallacinsu, da duk inda mutanen Zangon Kumasi suka taru a University Heights, ba a taɓa yin ciwon da ba shi da sauƙi ba. Mutum ya ce da sauƙi yau, jibi a taru a yi masa salla, kowa ya girgiza kai ya ce kwana ne ya ƙare. Ita kuwa da rana tana jinyar tsofaffi a gidajensu, da yamma tana karatun aikin nas, ta ga abin da sanyi da ciwon suga ke yi wa yatsa idan sun haɗu. Babanta yana da sugan, ko da yake shi a wurinsa ɗan kaɗan ne.

Shi ya sa ta sayo robobin mariƙin babur masu ɗumama hannu, irin waɗanda ake haɗawa da batirin babur, ta tsare shi ranar Asabar da safe a bakin titi gaban gininsu. Shi kuma ya kira amininsa Kadri, wanda ya yi gyaran mota a Kumasi kafin ya zo nan ya kama tuƙin tasi.

"A'a, likita da kanta!" in ji Kadri, yana jujjuya kwalin. "Moro, yanzu har babur ake yi wa murhu? Saura ta sayo maka na kujera, ka isa Harlem a gashe."

"Kawu Kadri, ga takardar bayani."

"Takarda! Ni da na sauke injin babbar mota na mayar da shi ba takarda? Tambayi ubanki, yana wurin."

"Ina wurin," in ji Baba Moro. "Har yau motar tana nan inda ka bar ta."

Kadri ya tsaga tsohuwar robar da reza, ya saɓule ta. Nimatu ta goge ƙarfen tas, tana kaiwa tana komowa tsakanin takardar da babur, tana hura hannu. Suka shafa gam, na hagu ya shige sumul. Na dama, wanda ke kan totur, ya cije a tsakiya. Kadri ya ɗaga filaya zai buga, ta riƙe hannun rigarsa.

"Kawu, akwai siririyar waya a ciki. In ka buga ta tsinke, shi ke nan."

"To ki roƙe shi ya shiga."

Ta kama da hannu biyu tana murzawa tana turawa kafin gam ya bushe, har ya zauna. Ta murɗa totur ta saki, ya koma da kansa. Ta sake murɗawa don ta tabbata wayar ba ta ɗamewa, ba ta kuma taɓa birki. Saura haɗa wuta, da ɗan baƙin akwati mai maɓallai da za a ɗaure a kan babur. A nan wayarta ta yi ƙara: wadda za ta zauna da wata tsohuwa ba ta zo ba, ana nemanta yanzu.

"Kawu, wannan shi ke rage zafi da ƙara shi. Dole wuta ta bi ta cikinsa. Ga hoton nan, ka duba."

"Je ki abinki. Kafin a haife ki nake haɗa waya."

Ta tafi tana waiwaye.

A satin da ya biyo baya ba su cika haɗuwa ba, tana shigowa yana fita. Ta tare shi sau ɗaya a bakin ƙofa ta ce mariƙin yana aiki? Ya ce Alhamdu lillahi, Allah ya yi mata albarka. Ta ga ya bar safarsa mai kauri a kan tebur ya ɗauki sirara, ta ji daɗi har cikin ranta. Ko ba komai, an yi abu ɗaya a gidan nan ba a jira ya lalace ba.

Ranar Lahadi mahaifiyarta, Mma Fusena, ta tuƙa tuwo da miyar ayoyo. Suka zauna cin abincin rana, sai Baba Moro ya ce a ba shi cokali. Nimatu ta ɗago kai. Mutumin da tun tana ƙarama yake yi mata tsiya cewa mai cin tuwo da cokali bai san abin da ya ci ba. Mma Fusena ta miƙa masa. Ya karɓa da bakin yatsu, hannun rigar sanyinsa ya rufe tafin. Nimatu ta kalli uwarta, uwar ta kalli tukunya.

Ta tashi ta zari makullin babur a jikin ƙusa, ta sauka ƙasa ko rigar kirki ba ta saka ba. Ta yaye tamfol ɗin da aka lulluɓe babur da shi. Babu ɗan akwatin a kan babur. Ta buɗe ƙarƙashin kujera, sai ga shi a ƙulle cikin leda, an datse masa wayoyi. An murɗe wayoyin mariƙi da na batir wuri guda, an naɗe da baƙin salatif, an maƙala wani ɗan makunni a gefe. Ta tayar da babur, ta kunna, ta yi ta zagaye shi tana buga ƙafa a ƙasa. Ta taɓa, ɗumi. Ta jima ta damƙe da tafinta duka, tana ji zafin yana hawa, yana hawa, har ta fizge hannu.

Ta kira Kadri.

"Ɗan akwatin nan?" in ji shi, ana jin hayaniyar titi a bayansa. "Ai na saka shi. Ubanki ya riƙe ya ce ko ɗumi bai ji ba. Na danna, na danna, ya ce shiru. Na ce to wannan abin ne ke shanye wutar. A gida duk irin waɗannan tarkacen cire su muke yi mu haɗa kai tsaye."

"Da ka haɗa kai tsaye ya ji?"

"Ya ce ya ɗan fi."

"Kai ka taɓa da hannunka, Kawu?"

"Ni? In cire safa cikin wannan sanyi? Mai babur ya ce ya yi, ni kuma in ce me?"

Ta kashe wayar. Ta tsaya a bakin titi, iska na dukan fuskarta, tana kallon tafin hannunta da ya yi ja. A aji an faɗa musu, an maimaita: mai suga ba a ɗora masa abu mai zafi a hannu ko a ƙafa, don zai iya ƙonewa bai sani ba. Ta sani sarai. Abin da ba ta sani ba shi ne ciwon babanta ya kai nan, domin duk sanda ta tambaya, amsar gaisuwa ake ba ta.

Ta haye bene da gudu.

"Baba, in ga hannunka."

"Ki zauna ki ci abincinki."

"Baba, don Allah buɗe hannunka in gani."

"Nimatu," in ji Mma Fusena a hankali, "ubanki ne fa."

"Na sani, Mma. Da na maƙwabta ne ai da na bar shi."

Baba Moro ya ajiye cokalin. Ya ja hannun rigar ya juya tafukansa sama. Bororo ne jere a gindin yatsu, hannu biyu. Na dama ɗaya ya fashe, an shafe shi da man kaɗanya, gefensa ya yi ja ya kumbura.

"Ban ji ba," ya ce. "Wurin alwala na gani. Ruwa ya ɗaga fatar."

"Kuma ka sake hawa?"

"Saƙon mutane ne."

"Tun yaushe ba ka jin yatsunka?"

Ya kalli matarsa. Ita ce ta amsa: "Tun kafin azumi ni ke saka masa maɓallin riga."

"Mma! Kina gani, kika yi shiru? Ina gidan nan, ina karanta wannan abin, littafin yana kan wannan teburin!"

"Ya ce kada in faɗa."

"In na faɗa, likita ya hana ni babur," in ji Baba Moro, ya ɗaga murya shi ma. "Sai in zauna in yi me? In kalli bango, 'yata na ciyar da ni? Abdul-Hanan na bene na sama, daga zuwa asibiti da ɗan ciwo a ƙafa ya dawo da sanda."

"Ya kai shekara yana fama da ciwon, Baba! Kowa a masallaci ya sani, kowa yana masa sannu, ba wanda ya ja shi ya kai shi. Kai ma har da kai a masu sannun!"

Ba ta taɓa yi masa magana haka ba, amma ba ta janye ba. Ta ɗauko rigarsa ta buɗe ta tsaya. Mma Fusena ta rufe tuwon. Can ya miƙe, ya juya mata baya, ya zura hannu ɗaya, ya zura ɗayan.

A cikin bas ya ɗora hannuwan a kan gwiwa, a buɗe. Ita ta kasa zama, ta riƙe ƙarfe a kansa tana leƙen titi. Sun kusa sauka ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Za su yanke?"

"Ban sani ba, Baba. Wallahi ban sani ba."

A asibiti aka wanke ƙunar, aka ɗebi jini. Wata likita ta daɗe tana duban hannun daman, ta zana layi da biro a gefen jan don a ga ko zai ci gaba, ta ce sai ya kwana. Sannan ta fito da wani siririn zare mai tauri, ta ce ya rufe ido, duk inda ya ji an taɓa ya faɗa. Turancinsa ya ishe shi aiki, amma ya juya wajen 'yarsa.

"Ke ki gaya mata abin da na ce. Kada ki gyara."

Ya rufe ido. Likitar ta dangwala zaren a kan manuniya. Shiru. Ta koma na tsakiya.

"An fara?" ya tambaya.

Nimatu ta fassara. Likitar ta bi yatsun ɗaya bayan ɗaya, ya ce babu, ya ce babu. Ta sauko gindin babban yatsa, wajen da ƙunar ba ta kai ba.

"Nan," in ji Baba Moro da sauri. "Nan na ji. Ce mata ta sake."