Damin Rafin Kanya

A wajen wani bikin suna ne Hamidu ya fara jin waƙar, kuma tun daga ranar tuwo bai ƙara yi masa daɗi ba.

Hamidu tsohon soja ne, cikin waɗanda Bature ya kwasa zuwa yaƙin Boma, ya dawo da ɗingishi da ƙin surutu. Ƙauyensu, Rafin Kanya, can kudu da Kiru, 'yan gidaje ne da ba su taka kara sun karya ba. Amma suna da abu guda da duk yankin ke haɗiyar yawu a kansa, wato fadama. Rani ya kai rani, ƙasar nan ba ta bushewa. Rake ne, albasa ce, duk abin da ka jefa mata sai ta mayar maka.

A hayin rafi kuwa akwai Tudun Gora, garin Alhaji Zailani mai awon gyaɗa. Tun wata tsohuwar yunwa da kakan Zailani ya buɗe wa mutanen Rafin Kanya rumbunsa, duk kaka sukan ɗora wa jaki damin dawa su kai gidan don godiya. A karɓa, a shafa fatiha, a raba goro, kowa ya kama gabansa. Ba wanda ya taɓa ba damin nan wani suna.

To, ranar sunan jikan Zailani sai ga maroƙinsa Sabo da sabon baiti. Wai kakan Alhaji ne ya tsinci mutanen Rafin Kanya suna gararamba, ya zaunar da su a fadamarsa su riƙe masa. Wai jini ɗaya ne, wa da ƙane, mai musu ya tsaya bakin hanya da kaka ya ga jaki. Jama'a suka yi ta shewa. Mai unguwa Uba, yayan Hamidu, mutumin kirki da bai iya ganin mugun nufi ko an ajiye masa a tafin hannu, har hularsa ya cire ya ba Sabo.

Hamidu kam bai yi shewa ba, don ya taɓa jin irin wannan labarin, a bakin wani mutum mai suna Pak.

Bayan an gama yaƙi an sa su gadin fursunonin Japan a wani sansani kusa da Rangun. Akwai ɗaya da sauran ba sa ci da shi, sai hantara, alhali kakinsu ɗaya. Pak ke nan, ɗan Koriya, ɗan manomi da Japan ta kwasa aikin soja. Da guntun Turancin bariki da nuni da hannu suka saba. Pak ya gaya masa cewa abin da ya ci ƙasarsu ba da bindiga ya fara ba. Da labari ya fara. A tsofaffin littattafan Japan an rubuta wai wata sarauniyarsu ta taɓa ƙetare teku, sarakunan Koriya suka faɗi suka yi mata mubaya'a. Ba wanda ya gani da idonsa, amma aka yi ta karanta wa yara. Duk tsarabar maƙwabtaka da jakadun Koriya suka kai, sai a ce haraji ne. Jikoki a Japan suka tashi da yaƙinin cewa ƙasar can kayan gado ne da ya suɓuce. Daga baya suka ce ai jini ɗaya ne, yaya ne ya zo kula da ƙanensa. Sannan masu awon ƙasa suka zo, gonar shinkafar uban Pak ta tafi. Har sunan da aka raɗa masa sai da aka sa ya ajiye.

Hamidu ya sami yayansa a gindin kanya ya zayyana masa duk wannan, ya roƙe shi kada a kai dami bana.

Uba ya yi dariya har da hawaye. Ya ce maroƙi ai cikinsa yake wa waƙa, in ka ba shi riga gobe zai ce kakanka ne ya haƙa rafin. Ya ce ina Tudun Gora ina wata Japan? "Kai dai Boman nan ba ta sake ka ba, Hamidu."

"Yaya, ba Sabo nake tsoro ba. Wanda ya biya shi nake tsoro."

Waƙa kuwa ta kama gari. 'Yan tasha a Kwanar Dangora suna yi, 'yan mata a dandali suna yi. Wata safiya Hamidu ya ji matarsa Furera tana daka tana rerawa, ba ta ma san me take faɗa ba. Haushi ya kama shi ya daka mata tsawa, ya kuma ji kunyar kansa. Sau biyu yana hango yaran Zailani a kan tudu, ba noma ba kiwo, sun dai harɗe hannu suna kallon rake.

Ya bi dattawa gida gida. Wasu suka ce yana da gaskiya, wasu suka ce a daina kai dami ai butulci ne, me za a gaya wa Allah? Aka yi ta ja-in-ja. Aka gama girbi, aka cika rumbuna, karan gona ya bushe, dami yana jingine a zauren Uba. Daga hayi kuma shiru. Ba aike, ba cigiya, ko gaisuwa ba ta canja ba. Wannan shirun ya fi damun Hamidu a kan waƙar.

Uba ne ya gaji. Ya ce shi ba zai zama na farko a gidansu da ya mance alheri ba. Ya ɗaure wa jaki dami da hannunsa. Hamidu ya ga ba makawa, sai ya ɗauki sandarsa ya bi shi, da niyyar ya faɗa da babbar murya a gaban kowa cewa wannan kyauta ce, kyauta kawai.

Suka tarar da zauren Zailani cike, a ranar da ba kasuwa ba buki. Ga liman, ga wakilin hakimi, ga wani baƙo daga Kano da ba su sani ba. Wa ya gaya musu yau za a zo? Tun kafin a sauke kaya Sabo ya ɗaga murya yana sanar da cewa gaisuwar ƙasa ta iso.

Hamidu ya buɗe baki, amma ƙane ba ya riga wansa magana a gaban manya. Ya jira a gama gaisawa.

Zailani bai dubi damin ba. Ya gyara zama, ya yi murmushi, ya ce a hankali, "Bana kun makara, Uba."

Da Uba ya yi shiru, da an tsira. Amma mutum ne da aka rena da ladabi, bakinsa ya riga tunaninsa. Ya russuna ya ce, "A yi mana afuwa, ranka ya daɗe. Ba za a sake ba."

Hamidu ya ga wakilin hakimi ya gyaɗa kai, baƙon Kano ma ya gyaɗa. Wanda ya nemi afuwa a kan jinkiri ya riga ya amsa cewa wajibi ne a kansa, kuma kowa a zauren ya ji da kunnensa. Jinkirin nan kuwa Hamidu ne ya jawo shi. Ya ce kyauta ce, ya maimaita, liman ya ɗaga masa hannu ya ce a bar manya su gama.

Zailani ya ce ba komai, ai tsakanin wa da ƙane ba riƙo. Ya sa aka kawo goro. Sannan ya ce bayan Juma'a zai ƙetaro da baƙonsa, su zagaya fadamar, ya ga yadda aka riƙe masa ita.