Guzurin Siddiƙa

Maijidda ba ta iya riƙe magana ba, duk layin masu wake da shinkafa na kasuwar Ogbete da ke Inugu sun shaida. Amma wannan karon sati uku cur ta kulle bakinta, domin Hajiya Baiwa ta ja mata kunne.

Hajiya Baiwa baƙuwa ce a unguwar Hausawan Inugu, bara ta sauka, kullum cikin ƙamshi da awarwaro. Ita ce ta ce ta samo wa Siddiƙa, 'yar Maijidda ɗaya tilo, aiki a wani asibiti a ƙasar Larabawa. Za su je Kano a mota, daga nan sai jirgi.

"Kada kowa ya ji sai yarinya ta sauka lafiya," in ji Hajiyar. "Kin dai san bakin mutane."

Ai kuwa Maijidda ta sani. Kuma wa zai ga laifinta? Siddiƙa ta gama karatun kiwon lafiya shekara huɗu ke nan tana zaune tana tsince wake. A nan aka haife ta, tana jin Ibo kamar yarenta, amma in ta nemi aiki sai a ce ba 'yar jiha ba ce. Da ta je garin ubanta mai rasuwa a arewa, can ma aka ce ba a san ta ba. Takaici ya ishi yarinyar, ya ishi uwar.

Ana gobe tafiya, da hantsi, Maijidda ta nufi rumfar Baffa Arzika mai kilishi. Dattijo ne mai shegen bin diddigi, ba ya yanka maka kilishi sai ya ji inda za a kai shi. Bayan doguwar gaisuwa ta ce a ba ta na guzuri.

"Tafiyar kwana nawa? In ta kusa ce in ba ki mai taushi."

"Wanda zai kai kwana goma, Baffa. Haka aka ce."

"Ina za a je haka?"

Ta ce a ranta ai rabin magana ba tona asiri ba ne. "Jirgi dai za a hau."

Baffa ya ajiye wuƙa. "Jirgi, da guzurin kwana goma? Me kuma aka ce a tanada?"

Ta lissafa masa: garin rogo, sukari, ƙuli-ƙuli, bargo mai kauri, baƙin tabarau, da jarka biyu a naɗe su da buhu.

"Maijidda, zauna." Bai taɓa kiran sunanta kai tsaye ba. "Ina saurayi na bi hanyar Agadas sau biyu. Jarka a buhu don ruwa ya yi sanyi ne a bayan mota, tabarau don rairayi. Wannan ba kayan jirgi ba ne, kayan sahara ne. Fasfonta yana hannun wa?"

"Hannun Hajiya."

"Bara mata biyu suka saya wa 'ya'yansu irin wannan kilishin a nan, su ma suna ɓoye-ɓoye. Na yi shiru don ba su tambaye ni ba, kuma har yau abin yana cina. Ɗaya daga cikin 'ya'yan ta bugo waya sau ɗaya tana kuka, wai an sayar da ita ga wani gida. Ɗayar shiru."

Maijidda ko sallama ba ta yi ba, ta tare keke mai ƙafa uku ta nufi gida. Ɗaki a buɗe, jaka babu. Maƙwabciya ta ce Hajiya ta zo ɗazu ta ce an matso da tafiya, sun wuce tashar motocin arewa, wai za su kira ta a hanya.

Ba ta san yadda ta isa tashar ba. Motoci jere, kowace kamar 'yar'uwarta. Nan Maijidda ta tsaya tsakiyar fili, mayafi ya zame, ta buɗe murya irin wadda take kiran masu saye.

"Siddiƙa! Siddiƙa 'yar Malam Gimba! Jama'a, ana shirin sayar mini da 'ya!"

Direbobi da 'yan kamasho suka yo kanta, masu Hausa da masu Ibo. Can a mota ta uku, kujerar baya, ta hango fuskar 'yarta, da wasu 'yan mata biyu kowace rungume da jarka. Da aka waiga neman Hajiya Baiwa, sai aka ce yanzun nan ta tafi sayo ruwa. Shugaban tasha ya sauko da 'yan matan duka uku, ya aika a kira hukuma.

Siddiƙa ta sauko fuska a murtuke. "Umma, kin kunyata ni gaban mutane. Kin rushe mini komai. Yanzu in koma in ci gaba da tsintar wake?"

"E, ki koma," Maijidda ta ce, ta damƙe mata hannu. Ta zauna a kan wani buhun albasa, amma hannun nan ba ta sake shi ba.

Kwana tara Siddiƙa ba ta yi mata magana ba. Ta tashi ta buga ƙofa, ta dire kwano, ta ja tsaki ta shige ɗaki. Maijidda kuwa, wadda a da ba a ja mata tsaki a kwana lafiya, tana zaune a tsakar gida tana sauraron duk wannan hayaniyar, daɗi kamar ya kashe ta.