A Gaban Shagon Ƙwai

Ranar da aka ba da hutun makaranta abin ya faru. Ta gama sauke yara a gidajensu ke nan, tana komawa ita kaɗai, sai wata tsohuwar motar dakon ƙwai ta fito daga lungu ta daki ƙofar motarta ta baya. Ƙarar ba wata mai yawa ba ce. Ƙwai ne ya yi yawa, ya malalo daga bayan waccan motar ya bi kwalta.

Yaran da take kaiwa makaranta Anti Direba suke ce mata. Motar ta mahaifinta ce, shi ya koya mata tuƙi kafin ya rasu, kuma da ita take ci take biyan hayar ɗaki. Tun tana ƙarama, ko wani ne ya taka mata ƙafa ita ce mai ba da haƙuri. Don haka da direban motar ƙwan ya sauko, wani dattijo siriri, kafin ya buɗe baki ta riga shi.

"Yi haƙuri, Baba."

Duk waɗanda suka taru sun ji. Motocin baya suka dame ta da hon, ta ji kamar ita ce ta tare wa duniya hanya, sai ta ja motar gefe. Dattijon ma ya ja tasa. Da ɗan sandan hanya ya iso, ya dubi kwaltar, ya dube su.

"Kun ɗauke motocin, to yanzu me zan auna? Ƙwai?"

Ya karɓi takardu. Inshorar motar ƙwan ta daɗe da ƙarewa. Tata kuwa irin mai arha ce, wadda ke biyan motar wani in ita ta buge shi, ban da tata. Ya ce shi zai ji da maganar takardarsu, gyara kuma su je su sasanta, in ya gagara kotu na nan.

A gareji, bakanike ya zagaya motar, ya ja ƙofar, ta ƙi buɗuwa. Ya sa ƙarfi, ta buɗe, ta kuma ƙi rufuwa.

"Ƙanwata, wannan ƙofar ta riga mu gidan gaskiya. Sai dai a nemo wata."

Ya faɗi kuɗin, ta ga sun fi ƙarfinta. Ya ɗaure mata ƙofar da igiya bai karɓi komai ba.

Ta kira yayanta, wanda ke aiki a wani gari mai nisa.

"Ke kika ba shi haƙuri? Shi ya buge ki fa! To saura ki biya shi kuɗin ƙwan." Ya ja tsaki. "Je wurin mai motar ki buɗe baki. Ni yanzu ba ni da ko sisi, wallahi."

Maman 'Yan Biyu, wadda sauran iyayen ke bin bayanta a komai, ta ga motar a hanya ta kira ta. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce ita dai ba za ta sa yaranta a motar da aka ɗaure da igiya ba, kuma in aka koma makaranta ba a gyara ba, akwai wani mai bas da ya daɗe yana nemansu.

Hutu ya yi mata tsawo. Ɗakinta ɗaya ne, katifa da risho da taga mai kallon bango. Da can takan dawo kunnenta cike da surutun yara, wannan ya ci wa wancan biskit, wancan ya zauna a kan jakar wannan. Yanzu sai ta wuni ba ta ji muryar kanta ba.

Motar ƙwan ta wata mata ce mai babban shagon sari a bakin kasuwa. Anti Direba ta shirya maganarta tun daga gida, tana maimaitawa a hanya: a fara da gaisuwa, sannan ƙofa, sannan yara. Ta sami wuri a gaban shagon ta yi fakin. Ta kashe mota, ta sa hannu za ta buɗe, sai ta hango matar a ciki, ƙatuwa, tana yi wa masu lodi tsawa. Hannun ya koma kan sitiyari. Ta ce bari mutane su ragu. Mutane ba su ragu ba har aka rufe shago.

Washegari ta dawo, ta tsaya a wurin jiya, ta kuma kasa fita.

Da rana aka ƙwanƙwasa mata gilashi. Dattijon ne, da ruwan sanyi a hannu.

"Kin zo, 'yata?"

"Na zo, Baba."

"Tun jiya na gan ki. Sha, zafin nan zai dafa ki."

Ya jingina da motar. Ya ce shi ba shi da abin ba ta. Dokar shagon ita ce duk ƙwan da ya fashe a hanya a albashin direba ake cirewa, kuma na ranar nan ma bai san yaushe zai gama biya ba. Inshora kuwa ya sha tuna wa uwar ɗakinsa, kullum sai ta ce wata mai zuwa.

"Shiga ki yi mata magana. Baki ne da ita kawai."

"Zan shiga."

Ba ta shiga ba. Haka ta riƙa zuwa kullum, shi kuma in ya dawo daga rabon safe sai ya zo ya ci abincinsa a jikin tagarta. Ya tambaye ta wa ya koya mata tuƙi. Ya sa ta tayar da injin, ya kasa kunne, ya ce mahaifinta ya riƙe mota da mutunci. Ya ba ta labarin jikarsa da ta rantse ba za ta ƙara cin ƙwai ba saboda warin rigarsa. Ta yi dariya har ta rufe baki da mayafi. Wata safiya ta lura tana sauri ne don kada ya dawo bai same ta ba, kuma maganar da ta shirya ta fara zube mata.

Abin da ba ta sani ba, inda take fakin nan ne masu sari ke tsayawa su yi lodi. Kuma gefen da ya lotse shi ke kallon shagon. Duk wanda ya zo sai ya zagaya ta da kiret a hannu, ya tambaya, masu lodi su ba shi labari. Ba a jima ba kasuwa ta ɗauka: ga yarinya can, motar Mama ta lalata mata sana'a, ta zo ta zauna ba ta cewa uffan.

Ana gab da komawa makaranta matar ta fito da kanta, makullai na kaɗawa a hannunta. Ta tsaya a bakin tagar.

"Ke, wa ya koya miki wannan? Lauya?"

"Ina wuni, Mama."

"Da ban wuni ba za ki gan ni? Da kin shigo kin yi masifa, da na san yadda zan yi da ke. Amma ki zo ki kafa min mota kamar allon talla, kina kallona da idon marayu? Jiya a gidan suna aka tambaye ni labarinki!"

"Ni ba haka nake..."

"Ba ni lambar bakaniken naki."

Nan take ta kira shi. Ta yi ciniki kamar za ta cinye wayar, ta ce a nemo ƙofa mai kyau, za ta tura masa kuɗin yau. Sannan ta juya wajen dattijon, wanda ya tsaya a bayanta da kiret biyu a hannu.

"Kai kuma za mu haɗa kuɗin ƙofar da na ƙwan. A hankali zan riƙa cira, ba zan kashe ka ba."

Ya wuce da kiret ɗin wajen motarsa. Anti Direba ta tattaro duk ƙarfin da ta zo da shi tun ranar farko.

"Mama, ai inshorar ba shi ne ya..."

"Yarinya, ƙofa kike so ko shari'a? Zaɓi ɗaya, ina da aiki."

Masu lodi sun tsaya cak. Ta dubi sitiyari. Ta tuna mai bas, ta tuna mai gidan haya.

"Ƙofa," ta ce a hankali.

"To matsar min da motar."

Ta tayar. Ta ɗan dakata ko dattijon zai waiwayo, ta ce masa wani abu, ko da ba ta san me za ta ce ba. Yana can yana jera kiret a bayan motarsa, yana gyara wanda ya riga ya zauna daidai. Wani mai sari ya danna mata hon, ta ja ta ba shi wuri.

Washegari da sassafe ta kai motar gareji. Hanyar kasuwa ce ta fi kusa, amma ta bi ta bayan asibiti. Ta iso kafin bakaniken, ta zauna a kan wata tsohuwar taya, ta kira Maman 'Yan Biyu ta ce mata ranar komawa za ta zo da wuri. Da ya iso ya fara kwance ƙofar, ya ce ta tafi gida ta huta, aikin zai kai yamma. Ta ce a'a, za ta jira a nan.