Alwalar Ameer

...kuma ba zan matsa daga bakin famfon nan ba sai ya zo. An kira azahar, na ji. Ni dai yau sai na ga hannun ƙanena Ameer da idona.

Kai ka koya min wannan kallon, Abdulrahim. Allah ya jiƙanka, amma ka cuce mu. Kai da kake naɗe riga har kafaɗa a nan, kana watsa wa Ameer ruwa, kana tsokanarsa wai hannunsa kamar sillen kara — rana ɗaya sai ka koma cewa da alwalarka ka fito daga gida. Kullum da alwala! Har yaba maka na yi, don wauta. Sai da muka ɗauko ka daga ɗakin hayarka na Bomo, ni ne mai zuba ruwa wajen wankan gawa... cikin gwiwar hannunka, baƙaƙen ɗigo-ɗigo, ba inda allura ta bari. Hiroyin, in ji likita. Liman ya ja zane ya rufe.

Tare kuke fa a bencin mai shayi. Kai, Sati, Ameer. Kofi ɗaya ke zagayawa, ba mai cin abu ya hana ɗan'uwansa. Mama har alfahari take, wai abota irin ta mutanen da. Sati coci yake zuwa, ba alwalar da za ta tona shi — amma jiya na gan shi a PZ, riga mai dogon hannu a wannan zafin, yana gyangyaɗi a tsaye, yana susar wuya. Na gaishe shi, bai gane ni ba...

Saura wa?

Ga shi nan tafe. Ya rame ne? Ai tun ranar jana'iza ba ya cin abinci, baƙin ciki ma yana ramarwa. "Yaya, ba ka shiga ba?" Na ce masa, kai nake jira. Na miƙa masa buta. Tsoro nake ji, wallahi tsoro.

Ya tsuguna. Baki, hanci, fuska. Ya naɗe hannun riga na dama... fes. Na hagu, Ameer, na hagun... fes! Alhamdulillahi. Ya Allah na gode maka, yau Mama za ta ci tuwo.

Ya shafi kai. Kunne. Ya zare takalmi.

Safa.

Safa, a watan da kwalta ke narkewa a Samaru? Bai cire ba. Ya jiƙa hannu ya shafa a kanta, da sauri, kai a sunkuye — mu da Baba ke tsayawa a kanmu, in ka bar tsakanin yatsu a bushe sai ka sake daga farko. Yaushe ya koyi shafa? Likitan nan me ya ce ma... masu yin allurar in suna son ɓoyewa, ƙafa suke komawa.

An ta da iƙama. Ya miƙe, ya mayar min da buta, ya riga ni shiga sahu. Buta na hannuna, kuma na kasa tuna ko na yi tawa alwalar.